Warra: Garin da Ke Rayuwa da Cika da Janyewar Tafki

Warra, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski a Jihar Kebbi, tana gaɓar gabas ta Tafkin Kainji. Tafkin kansa ba tsoho ba ne. An same shi ne a 1968, lokacin da aka datse Kogin Kwara a Kainji domin samar da wutar lantarki. Ruwa ya malale wajen murabba'in kilomita 1,270, ya shanye tsohuwar Bussa da tsibirai masu yawa, aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni. Daga cikinsu akwai Gungawa, waɗanda sunansu ma daga gungu ya fito, wato tsibiri, da Kambari manoma, da Sarkawa masunta.

Duk mai son fahimtar arzikin wannan yanki sai ya fara sanin halin ruwansa. Kwara tana kawo ambaliya biyu a shekara. Farin ruwa yana zuwa da damina, ɗauke da laka daga ƙoramun kusa. Baƙin ruwa kuwa ruwan saman ƙasar Gini ne. Yakan daɗe yana ratsa fadamun Mali, lakarsa ta kwanta a can, sai ya iso nan garau cikin hunturu. Daga nan tafkin kan janye har wajen mita 10 kafin wata damina.

A wannan hawa da sauka abinci yake. Idan ruwa ya hau kan ciyayin gaɓa, kifi kan shiga ya yi ƙwai, 'ya'yansa su sami abinci da mafaka. Idan ya janye, sai ya bar ƙasa mai danshi, inda ake noman albasar da ƙasar Yawuri ta yi suna da ita, Fulani kuma su sami makiyaya.

A shekarun farko kifi ya yi albarka ƙwarai, domin itatuwa da ciyayin da ruwa ya binne sun ruɓe sun zama taki. An ƙiyasta kamun 1971 da fiye da tan 28,000, faliya ce kan gaba. Labari ya jawo masunta har daga Mali da Nijar da Binin, ga kuma gurar da ake jingina wa 'yan Mali. Amma takin ya ƙare, masunta sun yawaita, kamu ya faɗi warwas kafin ƙarshen shekarun 1970.

Daga baya hankali ya koma kan warangi, ɗan kifin da bai kai tsawon yatsa ba, wanda ake shanyawa a rana. Da taru mai ƙananan idanu ake kama shi, wanda masunta ke kira dala. To, taru ba ya tantancewa: tare da warangi yakan kwashe 'ya'yan faliya da ƙarfasa da giwan ruwa tun ba su kai haihuwa ba. Shi ya sa aka hana amfani da shi zuwa ƙarshen shekarun 1990, lokacin aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus kan kamun kifin tafkin. Dokar daidai take a kimiyyance, sai dai wuyar bi gare ta ga magidancin da ya ci bashi ya sayi tarun.

Tafkin ne kuma babbar hanyar kasuwa. Ranar cin kasuwar Warra jiragen ruwa kan taho daga ƙauyukan tsallake da fasinja da buhuna. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi maƙare da mutane ya taso daga Jihar Neja zuwa Warra ya nutse, aka yi asarar rayuka masu yawa. Hukumomi sun ɗora laifin a kan lodin da ya fi ƙarfin jirgin.