Saƙon tes a hanyar Yerwa: harafi ɗaya kan ci fiye da rabin guri

Wanda ya saba bin hanyar Damaturu zuwa Maiduguri, wato Yerwa, ya san ba a wasa da lokaci: a taso da sassafe, a wuce Benishek da Jakana da sauran rana, domin da yamma jami'an tsaro kan rufe hanya. Sabis ma yakan yi rauni a tsakani, WhatsApp ya ƙi tafiya, sai saƙon tes ya zama abin dogaro. To, ga abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba.

Tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160. Amma da zarar ka sa ƙ, ɗ ko ɓ, ko ǝ ɗin Kanuri irin na "kǝlewa", wayar za ta koma tsarin da masu shirya manhaja ke kira faffaɗan harafi, inda kowane harafi ke cin guri ninki biyu da ɗoriya. Nan take iyakar ta sauko zuwa 70. In ka zarce, sai a yanka saƙon gunduwa-gunduwa, 67 kowanne, wayar mai karɓa ta sake ɗinke su. Kowace gunduwa da kuɗinta, kuma inda sabis ke tangal-tangal, ta farko kan isa ta bar ta biyu a hanya.

Ni mai son a rubuta Hausa da lanƙwasarta ne, amma a cikin mota nakan ajiye wannan kishin. Fara da abin da ya fi muhimmanci: inda za a sauke ka, Tashar Kano ko Borno Express, da lokacin da kake sa ran isowa. Gaisuwa ta biyo baya, mai masaukinka ba zai yi fushi ba. Kwatancen ma ya zama gajere, a ce Bulumkutu, Baga Road ko Kasuwar Monday, tunda da Keke Napep za ka ƙarasa. Tun 2011 aka hana acaɓa a garin.

Mai zuwa ta jirgi kuma ya duba yadda aka rubuta sunansa a tikiti tun a gida, domin matsalar haruffan nan ta shafi suna ma. Layin da na'ura ke karantawa a ƙasan fasfo gurbi 39 kawai ya ware wa suna, ba ya karɓar ƙ ko ɗ, kuma dogon suna yanke masa wutsiya ake yi. Rubuta naka daidai yadda yake a katin shaidar da za ka nuna.