Darasin Kiwo: Ƙazwar Kare da Yadda Ake Maganinta

Karatu: Karin Magana 12:10

'Yan'uwa da yawa daga ikkilisiyoyinmu na karkara suna aikin gadi a masana'antun Kano, wato Sharaɗa da Chalawa da Bompai, galibinsu kuwa da kare suke kwana. Har masana'antun da suka rufe ma ba a rasa maigadi da karnuka a farfajiyarsu. Idan ƙaiƙayi ya kama kare, ba ya barci da rana, ba ya gadi da dare, sai susa. Gashi ya zube, fata ta yi gyambo, ya rame. Yara masu wasa da shi su ma su soma susa. Wannan darasi domin masu gadi ne, amma duk mai kare a ƙauye zai amfana.

KU FARA SANIN ABIN DA KE CINSA

Ba kowane ƙaiƙayi ne ƙazwa ba. Kafin ku kashe kuɗin magani, ku ɗaure bakin karen da tsumma, ku dube shi sarai da rana.

Idan susar ta fi yawa a gindin wutsiya, kuka ga baƙin gari kamar barkono cikin gashi, ƙuma ce. Kaska kuwa ba ta ɓuya, tana cikin kunne da tsakanin yatsu. Da damina za ku ga ƙurji kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya, musamman a jikin kwikwiyo. Tsutsa ce a ciki, ta wani ƙuda mai yin ƙwai a ƙasa inda aka yi fitsari. A toshe ramin da basilin, tsutsar za ta leƙo neman iska, sa'an nan a matse ta a hankali.

Akwai kuma abin da ya shafi unguwannin nan musamman. Ruwan da ke fitowa daga kamfanonin jima na Sharaɗa da Chalawa yana gangarawa kogin Chalawa, na masana'antun Bompai kuwa yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara. Cikin ruwan jima akwai magungunan da ake tuge gashin fata da su. To, abin da aka yi domin ya cire gashi daga ƙirgi, me zai yi wa fatar kare mai rai? Idan kumburi da jan fata suna ƙafafu da ƙirji da ciki kaɗai, wato iyakar inda ruwa ya taɓa, ku tuhumi lambatu. A wanke shi da ruwa mai yawa, a hana shi komawa can.

ƘAZWA

Wani ƙwaro ne ke kawo ta, ƙanƙane ƙwarai, ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. Macen tana haƙa rami cikin fata tana zuba ƙwai. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 3 zuwa 5, cikin kamar mako 3 kuwa 'ya'yan sun girma sun soma nasu ƙwan. Ku riƙe wannan lissafi, gama duk maganin a kansa yake tafiya.

Takan soma a bakin kunne, da gwiwar ƙafar gaba, da ciki. Fata ta yi kauri da ɓawo, ta yi wari. Ga gwaji mai sauƙi: ku murza bakin kunnen tsakanin yatsu biyu. Idan ya ɗaga ƙafar baya yana susa a iska, da alama ƙazwa ce. Kare yana ɗaukarta daga kare, ko daga buhun da mai ita ya kwanta. Mutum ma takan ba shi ƙuraje a hannu da ciki, amma ƙwaron kare ba ya daɗewa a jikin mutum. In an warkar da karen, yawanci ƙurajen sukan tafi. In sun ƙi, a kai yaron asibiti.

BAƘIN MAI BA MAGANI BA NE

A wurin da injuna da manyan motoci suke, baƙin mai kyauta ne, shi ya sa shi ake fara shafa wa kare. Kada ku yi. Yana ƙona fatar da ta riga ta tsage, karen ya lashe ya shiga cikinsa, da zafin rana kuma ya dafa shi. Haka kananzir da man dizal. Waɗansu sukan ce sun shafa ya warke. Ba sa ƙirga waɗanda suka mutu.

Mafi muni su ne Sniper da ota-fiya-fiya da magungunan feshin gona. Waɗannan dafi ne, suna shiga ta fata, ta kare da ta mai shafawa. Kare ya soma dalalar da miyau, jiki na rawa, kafin a ankara ya mutu.

MAGANI NA GASKIYA

Ku soma da gyambon. A aske gashin da ke kewaye da almakashi. A zuba ƙaramin cokali 1 na gishiri cikin rabin lita na tafasasshen ruwa da ya huce, a wanke safe da yamma, a bar wurin ya bushe, a shafa shuɗin maganin nan da ake kira GV. A yanka kwali a yi masa faifai a wuya domin kada ya lasa. In akwai mugunya da yawa, sai likita ya ƙara da maganin ƙwayoyin cuta.

Domin kashe ƙwaron kansa, abin da ya fi araha shi ne allurar ibamaktin. Wannan magani ya shiga kasuwar dabbobi a 1981, shi ne kuma ake raba wa mutane da sunan Mectizan domin makantar bakin kogi. William Campbell da Satoshi Omura sun sami lambar Nobel a 2015 saboda shi. Amma ku lura. Kwalbar da ake sayarwa ta shanu ce, mililita 1 ga nauyin kilo 50. Karen gida mai kilo 15 bai kai ya sami rabin mililita ba. Ɗan ƙari kaɗan da ganin ido ya zama ninki. Ba a yi wa kwikwiyon da bai kai mako 6 ba, waɗansu karnukan Turawa kuma, irin su koli, yana iya kashe su. Saboda haka ku kai asibitin dabbobi, kamar na Gwale ko na Kundila, a auna nauyinsa. Tun da kun je, ku nemi rigakafin haukan kare, wanda ake yi daga wata 3 da haihuwa, a maimaita kowace shekara.

Ga inda yawancinmu suke faɗuwa. Allura ɗaya tana kashe ƙwari, ba ta kashe ƙwai. Susa ta ragu, maigadi ya ce an gama, bayan wata guda ciwo ya dawo, a ce magani jabu ne. Tilas a koma bayan mako 2, a sake komawa in likita ya ce. Akwai kuma ƙwayoyin taunawa irin su Bravecto da NexGard masu aiki sosai, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin albashin gadi. Kada ku ji nauyin gaya wa manaja, gama karen dukiyar kamfani yake tsaro.

Wanda yake nesa da likita yana iya haɗa farar wuta da aka niƙa, kashi 1, da basilin kashi 9, ya shafa a wuraren da suka kamu. Yana rage ciwo, amma a ganina tsaiko ne kawai, domin ƙwaron yana wuraren da ido bai ga alama ba tukuna.

A yi wa dukan karnukan gidan magani a rana ɗaya, har waɗanda ba su soma susa ba. A ƙone tsohon buhun kwanciya, a share wurin, rana ta doke shi. Karen kuwa ya zauna a ɗaure har ya warke. Wannan zai kāre sauran karnuka, zai kuma kiyaye zumunci da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda shigar kare gidansu damuwa ce babba. A ƙara masa abinci, ko romon ƙashi ne a kan tuwo. Sabon gashi yakan ɗauki wata 1 zuwa 2 kafin ya rufe.

AIKIN WANNAN MAKO

Shugaban ƙungiya ya rubuta gidajen da ke da kare mai susa. Kowane mai kare ya yi gwajin kunne, ya kawo labari taro mai zuwa. In sun kai da yawa, a haɗa kuɗin mota a kira ma'aikacin dabbobi rana ɗaya, a kuma rubuta ranar dawowarsa a kalandar coci tun kafin ya tafi.