Amsoshin Tambayoyinku: Rap Ne Ya Raba Yaranmu da Kalangu?

Tambaya: Ni makaɗin kalangu ne a Gwaram, gado na yi wurin mahaifina. Ɗana ko rataya shi ba ya yi, sai rap a waya dare da rana, wai situdiyo zai tafi a Kano. Shin rap ne ya kashe wa yara sha'awar koyon kayan kiɗa?

Amsa: Malam, Allah ya shirya mana zuri'a. Rap yana da nasa laifin, amma a kwance ya tarar da kalangu. Tun shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, fiyanon Yamaha ya shiga situdiyo, mutum ɗaya ya riƙa fitar da amon ganga da sarewa da yatsunsa. Daga baya masu biki suka koma kiran DJ. Ga kuma tsohon ciwonmu: mu taka rawa da kiɗan makaɗi, mu kira shi maroƙi, mu hana shi 'yarmu. Duk yaro yana gani.

Shi rap a unguwar Bronx ta birnin New York ya tashi cikin shekarun 1970, kuma jarinsa baki ne. Yau yaro zai sauke kiɗa daga intanet, ko ya haɗa shi a kwamfuta da FL Studio, kafin asuba waƙa ta fito. Ya ga DJ AB da Classiq sun yi suna. Kalangu kuwa sai an shekara ana matse tsarkiya a hammata ana sassautawa, gula tana sa hannu kanta, kafin fata ta kira sunan mutum har ya waiwayo. Wannan haƙurin ne muke rasawa, kuma asara ce babba. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Matasa nawa ne a Jigawa ke riƙe da gurmi irin na Haruna Uji na Haɗeja?

Abin ya fi ciwo a yankinku, inda kiɗa ke da tsohon tushe. A duwatsun Birnin Kudu, kusa da zanen shanun nan na mutanen da, akwai duwatsu masu amo da magabata suka kaɗa har suka yi gurbi. Wani mai bincike, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu tun shekarun 1950.

Shawarata, kada ka yi wa yaron nan baki. Wanda ya iya jera baiti bai saɓa wa kiɗa ba, yana da kunne, jininka ne. Ka ce ya rera maka waƙarsa, ka bi shi da kalangu a tsakar gida. In ya tashi zuwa situdiyo, ka raka shi a naɗi kiɗan hannunka a ƙarƙashin muryarsa, don ya ji bambancinsa da na na'ura. Sannan ka fara masa da kiɗa ɗaya tak, ko na mahauta ko na dambe. Ka rubuto mana yadda kuka ƙare, Malam.