Muhasabar malami a kan karantarwarsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugaban talikai, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, kowane almajiri yana da mai duba allonsa. In ya kuskure wasali a gyara masa, in hadda ba ta zauna ba a hana shi wankewa. Malami kuwa, da zarar ya hau buzu, sai a rasa mai duba nasa. Almajirai na jin nauyinsa, iyayen yara na ganin girmansa, sa'o'insa kuma kowa na fama da nasa zauren. Ta haka mutum ke shekara ashirin yana maimaita kuskure guda, ba wanda ya ce masa uffan. Kuskuren malami kuwa ba ya tsayawa a kansa. Yaron da aka biya wa Fatiha a karkace zai yi salla da ita haka har tsufa, ya kuma biya wa ƴaƴansa.

Maganin wannan shi ne abin da ma'abota tasawwufi ke kira muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi. Muridi ya saba yin ta a kan sallarsa da wuridinsa. Wanda Allah ya ɗora wa karantarwa, haƙƙi ne a kansa ya yi ta a kan darasinsa ma.

Imam Gazali, Allah ya yi masa rahama, ya yi wannan hisabin yana kan ganiyar ɗaukakarsa. A shekarar 1091 aka naɗa shi malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen ɗari uku na zama gabansa. Da ya binciki niyyarsa, kamar yadda ya ba da labari a littafinsa Almunƙizu minad Dalal, sai ya tarar neman suna da matsayi ne ke tura shi. Ya yi kusan wata shida yana kai-kawo a zuci, har harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi. A 1095 ya bar kujerar, ya nufi Sham da Ƙudus, ya yi aikin hajji. Abin lura a nan, bai bar karantarwa har abada ba. A 1106 ya koma yana ba da karatu a Naisabur, da zuciyar da ta sha wanki.

Ba kowane malami ne zai iya barin iyali da makaranta shekaru ba, ba a kuma nemi hakan gare shi ba. Akwai hisabin da ake yi kullum, kuma misalinsa yana kusa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya kuma bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas neman ilimi, yana da wata ɗabi'a da ɗansa Muhammadu Bello ya ambata a Infaƙul Maisuri. In zai fito wa jama'a, sai ya ɗan dakata a cikin gida, ya yi magana a hankali, sannan ya fito. Da Bello ya tambaye shi, sai ya bayyana masa cewa niyya yake sabuntawa, yana kuma roƙon Allah ya fahimtar da mahalarta abin da zai faɗa. Bello ya ƙara da cewa Shehu kan fuskanci mutane da sakin fuska, ba ya fusata da masu surutu, kuma da harshen mahalarta yake yi musu bayani.

A wannan ɗan tsayuwar abu biyu suka haɗu: gyaran niyya da damuwa da fahimtar mai saurare. Ɗaya ba ya wadatarwa ba tare da ɗaya ba. Malami na iya zama mai ikhlasi amma yaran ba su gane komai, kamar yadda zai iya zama gwanin bayani amma yabo yake farauta.

Don haka, in an tashi daga darasi, ko a makarantar allo ne, ko a zaure, ko a ajin lakwal, ya kamata malami ya keɓe ya yi wa kansa tambaya uku, waɗanda tushensu ke cikin haƙƙoƙi takwas da Gazali ya lissafa wa mai karantarwa a Ihya'u.

Ta farko: wa ya gane, wa bai gane ba? Gyaɗa kai ba shaida ba ce. Shaida ita ce mai rauni a cikinsu ya maimaita mas'alar da bakinsa. Wanda ke Ahalari ba a jibga masa saɓanin da mai Risala ke ɗauka.

Ta biyu: yaya aka yi gyara? Gazali ya fifita gyara da ishara da tausasawa a kan tonon asiri a bainar jama'a, domin kunyatarwa na haifar da taurin kai. Yaro nawa ne ya guje wa karatu saboda bulalar da fushi ya ɗaga, ba ladabtarwa ba?

Ta uku: abin da aka faɗa, mai faɗar yana aikata shi? Almajiri na karanta halin malaminsa kafin ya karanta littafinsa.

Sai dai ido ba ya ganin kansa. Kamar yadda muridi ba ya tarbiyyar kansa ba tare da shehi ba, haka malami ke bukatar ɗan'uwa amintacce da zai zauna a darasinsa lokaci-lokaci, ya faɗa masa gaskiya a keɓe. Malaman zawiya ɗaya na iya ware zama a wata, bayan wazifa, kowa ya kawo babin da ya yi masa wuyar fahimtarwa, a yi muzakara. Wanda ya ce ya fi ƙarfin gyara, to nan ne farkon abin da zai yi wa kansa hisabi a kai.

Allah ya tsarkake niyyar masu karantarwa, ya buɗe ƙirazan masu koyo, ya sanya ilimi ya zama hujja gare su ranar gobe. Amin.