Goge, Share, Cire da Soke: Bambancinsu a Wayar Salula

A Illela ana yawan cinikin wayoyi 'yan gwanjo da mutanen Birnin Konni, wata da Turanci, wata da Faransanci. Kafin ka sayar da taka, san waɗannan kalmomi, don kada ka miƙa wa baƙo sirrinka.

Goge: asalinsa goge rubutu a allo. A waya shi ne kawar da abu ɗaya, kamar hoto ko saƙo. Maɓallinsa Delete, ko Supprimer da Faransanci. Misali: "Na goge lambarsa." Sai dai a iPhone hoton da aka goge yana zama a kwandon shara har kwana 30.

Share: daga shara da tsintsiya. Kwashe tarkace ne gaba ɗaya: "Share tarihin bincike." Hattara, Share na Turanci turawa yake nufi, ba sharewa ba.

Cire: fitar da abu daga wurinsa: "Cire manhajar Facebook." Manhajar ta tafi, amma asusunka yana nan.

Soke: fasa abin da aka fara, kamar rajistar data. Ba ya goge komai.

Shafe: kawarwa ba tare da barin alama ba. Shi ake so kafin sayarwa.

Don haka ka adana hotunanka, ka fita daga asusun Google, ka cire layi da memori, sannan ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani.