Me ya sa bidiyon da ka saka a PowerPoint yake ƙin tashi a kwamfutar wani?

Wannan matsala tana yawan samun ɗalibai ranar kare kundin bincike, da malamai da ma'aikata masu gabatar da ƙasida a wurin bita. Ka shirya shafukanka a PowerPoint, ka saka bidiyo, ka gwada a gida ya tashi lafiya lau. Ka kwafe a filash, an jona majigi a zauren taro, ka danna, sai hoto ya tsaya cik. Galibi filash ɗin lafiyarsa ƙalau, ba kuma bairos ba ne. Bidiyon ne bai biyo ka ba tun daga gida.

Hanya biyu PowerPoint yake bi da bidiyo. Ko dai ya haɗiye shi gaba ɗaya ya zama wani sashe na fayil ɗin, ko kuma ya bar shi inda yake a kwamfutarka, ya riƙe adireshin wurin kawai. A hanya ta biyu, abin da ka tura wa mutane kwatancen gida ne, shi kuwa gidan yana can cikin kwamfutarka. Ko a taka kwamfutar, da zarar ka sauya wa bidiyon suna ko ka mayar da shi wata folda, adireshin ya mutu. PowerPoint 2007 da na gabaninsa adireshi kawai suke riƙewa. Daga PowerPoint 2010 ne aka fara cusa bidiyo a ciki kai tsaye, shi ya sa tsofaffin fayilolin da ake gada daga hannun abokan aiki suka fi ba da wahala.

Gane wanne ne naka ba wuya. Dubi nauyin fayil ɗin. Idan bidiyonka megabait 80 ne, fayil ɗin PowerPoint kuwa bai wuce megabait 3 ba, to bidiyon ba ya ciki.

Idan bidiyon gajere ne, cusa shi ciki ka huta. Shiga Insert, ka zaɓi Video, ka nemo shi, ka danna maɓallin Insert ɗin kansa. 'Yar kibiyar da ke gefen maɓallin ita ce ke ɗauke da Link to File, wanda adireshi kawai yake ajiyewa. In fayil ɗin ya yi nauyi, a kwamfuta mai Windows shiga File, sannan Info, ka zaɓi Compress Media. Matakin 720p ya wadatar da yawancin majigin da ake amfani da su a ajujuwa da zauruka.

Idan bidiyon dogo ne, ko suna da yawa, barinsu a waje ya fi, amma da ƙa'ida. Buɗe sabuwar folda, ka zuba fayil ɗin PowerPoint da dukkan bidiyon a ciki, sannan ka haɗa su ta Link to File. A nan mutane da yawa suke yin kuskure: sai sun gama haɗawa suke tattara fayilolin wuri guda, alhali adireshin da aka riƙe na tsohon wuri ne. Bayan ka haɗa, kada ka sake taɓa sunan bidiyon. Lokacin turawa, foldar gaba ɗaya za ka tura. Matse ta ta zama zip, ka kuma gaya wa wanda ya karɓa ya warware ta tukuna, domin in ya buɗe fayil ɗin daga cikin zip, PowerPoint ba zai ga bidiyon ba. A Windows akwai Package Presentation for CD a ƙarƙashin File da Export. Kada sunan ya ruɗe ka, ba sai da faifai ba: zaɓi Copy to Folder, zai tattaro maka duk abin da ka haɗa.

In adireshin ya riga ya mutu, ba sai ka sake aikin daga farko ba. Shiga File, sannan Info, ka nemo Edit Links to Files, ka danna Change Source ka nuna masa inda bidiyon yake yanzu.

Wani lokaci bidiyon yana nan, nau'insa ne kwamfutar ba ta iya karantawa. Microsoft da kansa MP4 yake ba da shawara, mai hoton H.264 da sautin AAC, wanda Windows da Mac duka suke karɓa. Ka kuma lura da hanyar turawa. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya haura megabait 25 a cikin wasiƙa, filash mai tsarin FAT32 kuma ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4.

Masu amfani da Google Slides nasu ya bambanta. Bidiyon yana zaune a Google Drive, kuma izinin buɗe shafukan daban, izinin kallon bidiyon daban, don haka ka tabbatar ka ba da duka biyun. Wanda aka jawo daga YouTube kuwa sai da intanet, kuma netuwok ɗin zauren taro ba abin dogaro ba ne.

Kafin ranar, gwada aikinka a kwamfutar da ba taka ba, kuma ka kashe intanet lokacin gwajin. Taka kwamfutar ba za ta nuna maka matsalar ba, tunda bidiyon yana cikinta. Ka kuma riƙe kwafin bidiyon shi kaɗai a filash, don in shafin ya ƙi, ka kunna shi kai tsaye ka ci gaba da bayaninka.