Amsoshin Tambayoyinku: Furen Lili daga Iri, da Ɓarayin Dare a Lambu

 Saƙonni sun taru a wannan mako, amma uku zan ɗauka, domin dukansu kuka ɗaya suke yi: an shuka, ya tsiro, an wayi gari babu shi.

Na farko daga Jos ya fito, daga wata Hajiya mai sayar da furanni. Ta ce ɗanta ya aiko mata da irin furen lili daga Ingila, ta shuka a roba, yau wata guda ba ta ga komai ba sai wasu 'yan sirara kamar ciyawa, su ma wani abu yana cinye su da dare. Tana tambaya, irin ne ya lalace ko ƙasar Jos ce ba ta karɓe shi ba?

Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Don Allah kada ki zubar da robar nan. 'Yan siraran da kike gani su ne lilin. Haka yake fitowa, ganye ɗaya siriri, wani lokaci da ɓawon irin maƙale a kansa, yadda albasa take yi a gadon raino. A shekarar farko ƙarfinsa duk ƙasa yake tafiya, yana haɗa ɗan kai mai ɓare-ɓare, kuma yawancinsu sai sun shekara 2 zuwa 3 kafin ki ga fure. Akwai mai sauri, fari dogo mai ƙamshi wanda asalinsa daga Taiwan yake, shi yakan yi fure cikin shekara guda. Akwai kuma mai taurin kai da ake kira martagon, ɗan tsaunukan Turai da Asiya. Irinsa yana son kamar wata 3 na ɗumi ya haɗa kai a ɓoye, sannan wata 3 na sanyi kafin ya fito da ganye, har a firji masu renonsa suke ajiye shi. Ki duba takardar da irin ya zo a ciki. In da martagon a ciki, gaskiya ba zan ba ki ƙwarin gwiwa a kansa ba, domin ko Jos da take kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 ba ta da irin hunturun da yake so.

Wahalar ba ta banza ba ce. Kan lili da ake saya a kasuwa yakan zo da cutar bairos da ke sa ganye dabbare-dabbare, wanda aka raina daga iri kuwa da lafiyarsa yake tashi. Sai dai ki sani, in an ɗebo irin daga furen da aka yi wa aure, launin 'ya'yan ba lallai ya yi kama da na uwar ba.

To, ɓarawon dare. A Jos, da damina, na fi zargin katantanwa, musamman irin wadda ba ta da ƙoƙo a bayanta. Ki duba jikin robar da sassafe, in kin ga wani zare mai sheƙi kamar busasshen yawu, ita ce. Bayan sallar isha'i ki ɗauki tocila ki fita, za ki same ta a kan aiki. Ki tsince. Ki kifa ɓawon kankana ko ki shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu kusa da robobin, da safe ki ɗaga, za ki tarar sun taru a ƙarƙashi. Abin da ya fi duka, ki ɗora robobin a kan tebur, ki sa ƙafafunsa cikin gwangwanaye masu ruwa. Gishiri yana kashe ta, amma kada ki barbaɗa a ƙasar shuka, zai ƙone saiwa. In kin ga kwaɗo a lambun ki ƙyale shi, ma'aikacinki ne da ba ya karɓar albashi. Sannan ki riƙa leƙa bayan ganye saboda darɓa, domin ita take ɗaukar cutar bairos ɗin nan daga wannan shuka zuwa waccan. Ruwa da ɗan sabulu kaɗan yana maganinta. Wani abu kuma da ba na son in wuce ban faɗa ba: in kina da mage a gida, ki nisanta ta da lili. Ganyensa, furensa, har garin furen da za ta lasa a gashinta, duk suna iya lalata mata ƙoda.

Saƙo na biyu daga Kura ne a jihar Kano. Wani malami mai noman rani ya ce ya yafa irin tumatir da tattasai, sun fito gwanin sha'awa, amma kullum da safe sai ya tarar da wasu a kwance. Ya yi feshi har sau biyu, abin bai tsaya ba. Yana son in faɗa masa maganin da ya fi ƙarfi.

Malam, ka yi haƙuri, ba zan faɗa maka sunan magani yau ba, domin ba mu san wa muke yaƙa ba tukuna. Gobe da asuba ka tsuguna ka ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗi, ka dubi gindinsa da kyau. In an yanke shi fes, kututturen yana tsaye, kan yana gefe, wannan aikin tsutsa ce, ko gyare. Tona ƙasa da yatsa kewaye da wurin, zurfin gaɓa ɗaya ko biyu, za ka ga wata tsutsa mai launin ƙasa ta nannaɗe. Da rana a nan take kwana, shi ya sa feshin da ka yi a kan ganye da hantsi bai same ta ba. Ka tsince ta, ka share ciyawar da ke kewaye da fangalin, domin a can uwar tsutsar take yin ƙwai. Ranar dashe kuma ka yanka gorar ruwa zobe-zobe, ka zagaye gindin kowane ɗaya, rabi a binne rabi a waje.

Amma in ka ga ba a yanke shi ba, gindin ne ya motse ya yi laushi ya yi duhu kamar an tsoma shi a ruwan zafi, to babu ƙwaro a maganar. Ruɓewar gindi ce, daga ƙasa take tasowa, kuma ruwa da cunkoso ne suke ciyar da ita. Ko ka juye duk maganin ƙwarin da ke kasuwa, ba za ta ji ba. Wannan ita ta fi kashe dashe a wurarenmu, kuma da hannunmu muke gayyato ta: a yafa iri cunkus saboda tsoron kada ya ƙi fita, a rufe da ciyawa a manta ba a yaye ba, a malala ruwa da yamma ya kwana a gindi. Ka cire waɗanda suka kamu tare da ƙasarsu, ka rage cunkoso iska ta ratsa, ka koma ban-ruwa da safe, ka bar saman ƙasa ya sha iska kafin ka ƙara. Baɗi ka ɗaga gadon raino ya fi ƙasa tudu, ka gauraya yashi da ruɓaɓɓen taki, ka shuka a layi. Iyayenmu da suke ƙona kara a kan gado kafin su yafa iri sun san abin da suke yi. In kana da farar leda mai nuna ciki, ka jiƙa gadon ka rufe shi ruf na mako 4 zuwa 6 a zafin Maris da Afrilu, rana za ta dafa maka ƙasar.

Na ukun gajere ne, daga wani matashi a Maraɗi. Ya ce farin ƙuda da ƙadangaru da kajin maƙwabta sun dame shi, ko zai iya yayyafa fiya-fiya?

Ɗana, a'a. Fiya-fiya ba ta da ma'auni, ba ka san abin da aka zuba a kwalbar ba. Za ta iya ƙone ɗanyen dashe, ta cuci ƙirjinka, ta kashe kajin ka shiga rigima da maƙwabta. Nemi tsohon gidan sauro da aka daina amfani da shi, ban da wanda yara suke kwana a ciki, ka ɗinke hujojinsa, ka kafa sanduna ka lulluɓe gadon, ka danne bakin da ƙasa. Ya tsare maka kaji da ƙadangaru, ya rage farin ƙuda, wanda shi ne yake kawo cutar da ke murɗe ganyen tumatir. In sai ka yi feshi, ga dogon yaro a ƙofar gidanka. Daka ƙwayar 'ya'yansa kamar giram 50, jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, tace da ƙyalle, sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma har bayan ganye, domin rana tana karya ƙarfinsa. Ka fara gwadawa a kan 'yan kaɗan, ka jira kwana biyu ka gani. In abin ya ci tura, ka sa ƙwaron a kwalba ka kai wa malamin gona ya gan shi da idonsa.

Lokaci ya yi halinsa. Malam na Kura, muna jiran saƙonka mu ji abin da ka tarar a gindin.